Daga Hannover Zuwa Amberg: Ma'aunin da Jamusawa Ke Gwada Masana'antunsu da Shi

A watan Afrilun 2011, lokacin baje kolin masana'antu na Hannover, wasu masana uku na ƙasar Jamus, Henning Kagermann da Wolfgang Wahlster da Wolf-Dieter Lukas, suka fito da wani suna wanda daga baya ya karaɗe duniya, wato Industrie 4.0. Manufarsu ita ce an shiga juyin masana'antu na huɗu. Na farko injin tururi ne ya kawo shi, na biyu wutar lantarki da aikin jere, na uku kwamfutar da ke sarrafa inji. Na huɗu kuwa shi ne a haɗa injuna da kaya da ma'aikata a kan hanyar sadarwa ɗaya, bayanai su riƙa kai-komo a tsakaninsu ba sai wani ya ɗauko takarda ba. Tun daga lokacin, da wuya ka sami mai masana'antar da zai yarda an bar shi a baya. Kowa ka taɓa sai ya ce ai shi tuni ya shiga. To, da me ake bambance wanda ya shiga da wanda ke tsaye a bakin ƙofa? Neman amsar wannan ne ya kai mu Jamus.

Jagoran tafiyar wani Alhaji ne mai masana'antar robobi a Kano, wanda ya ƙudiri aniyar sayen sabon inji. Tare da shi akwai injiniyansa, matashi mai ƙarancin magana, sai ni ɗan rakiya mai riƙe da alƙalami. A wurin Alhaji, ci gaba abu ne da ake saukewa daga kwantena a tashar jiragen ruwan Legas. Injiniya bai yarda da haka ba, amma ladabi ya hana shi faɗa a gida, sai ya bar wa hanya ta faɗa.

Jirgin dare muka bi daga Abuja, gari na wayewa muka sauka a Frankfurt. Tashar jirgin ƙasa tana manne da filin jirgin saman, don haka ko cikin gari ba mu leƙa ba, muka shiga jirgin ƙasa mai gudu muka nufi arewa. Sanyin da suke kira na ƙarshen hunturu ya fi na tsakiyar namu cizo. Ta taga muna hango gonaki kore shar, da ƙauyuka masu jan rufi, da dogayen fankokin samar da lantarki a kan tuddai suna juyawa a hankali. Kafin azahar muna Hannover.

Hannover: inda ido ke ruɗuwa

Lokacin baje koli masauki kan yi tsada a Hannover, otal-otal kuma kan cika tun watanni kafin a buɗe. Shi ya sa mutanen garin suke da al'adar ba wa baƙi hayar ɗaki a cikin gidajensu. Al'adar ta samo asali ne tun 1947, shekarar da aka fara baje kolin. A lokacin tsakiyar garin kufai ne saboda ruwan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu, yankin kuma yana hannun sojojin Birtaniya, waɗanda suka so Jamusawa su nuna wa duniya abin da za su iya sayarwa don su ciyar da kansu. Mu ma a gidan wata dattijuwa muka sauka. Da ta ji ba kowane nama muke ci ba, sai ta ware mana gefe guda a firjinta, ta kuma nuna mana shagon wani Baturke a bayan layin.

Filin baje kolin gari ne guda, har sai an hau bas daga wannan zaure zuwa wancan. A ciki, hannayen ƙarfe suna ɗauka suna ajiyewa ba gajiya, ƙananan motocin dako marasa direba suna ratsawa tsakanin mutane, manyan alluna suna nuna hoton masana'anta a kwamfuta yana motsi daidai da ta gaske. Alhaji ya tsaya gaban wani mutum-mutumi mai jera kwalaye ya kasa gaba ya kasa baya.

"Injiniya, ka gani ko? Wannan shi ne ci gaba. Tambayo mana kuɗinsa."

"Ranka ya daɗe, zan tambayo. Amma a bari mu fara jin yadda su masu abin suke gane wanda ya ci gaba."

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda zuciyar Alhaji ta kama, wato ƙirga mutum-mutumi. Ƙungiyar IFR mai hedikwata a Frankfurt tana fitar da irin wannan lissafi duk shekara. A alƙalumanta na 2023, Koriya ta Kudu tana da mutum-mutumi 1,012 ga kowane ma'aikacin masana'anta 10,000, Jamus kuma tana da 429. Lissafin yana da amfani wajen kwatanta ƙasa da ƙasa, amma idan aka shigo da shi cikin kamfani guda, abin da zai nuna kawai shi ne yawan kuɗin da aka kashe. Ba zai faɗa maka ko injin yana aiki ba, balle ko wani ya san lokacin da ya tsaya.

A rumfar VDMA, ƙungiyar masu ƙera injuna ta Jamus, muka fara cin karo da ma'auni na gaske. A 2015 gidauniyar ƙungiyar mai suna IMPULS ta sa cibiyar IW Consult ta birnin Kolon da cibiyar FIR ta Aachen su tsara hanyar gane shirin kowane kamfani. Suka raba awon gida shida: manufa da shugabanci, injunan masana'antar, yadda ake tafiyar da aiki, kayan da ake ƙerawa, hidimomin da ake samarwa daga bayanai, sai ma'aikata. A kowane gida ana ba kamfani mataki daga 0 zuwa 5. Da aka gwada masu ƙera injuna na Jamus da shi, kashi 76.5 cikin 100 suka faɗa a mataki na 0 ko na 1, kashi 5.6 kacal suka kai na 3 ko sama, ba a kuma sami ko ɗaya a na 5 ba. Wannan fa a ƙasar da ta raɗa wa abin suna, shekara huɗu bayan raɗin.

Raunin wannan ma'auni shi ne kamfani ne ke cike tambayoyin da kansa a intanet, kamar a miƙa wa ɗalibi jan biro a ce ya duba jarrabawarsa. Mutanen Singafo sun toshe wannan kafa. A Nuwamban 2017 hukumar bunƙasa tattalin arzikinsu, tare da kamfanin tantance inganci na Jamus TÜV SÜD, ta fitar da ma'aunin SIRI. Ginshiƙansa uku ne, tsarin aiki da fasaha da shugabanci, an rarraba su zuwa fannoni 16, kowane fanni da makinsa daga 0 zuwa 5. Masu awon mutane ne da aka horar aka ba su takardar shaida, kuma sai sun taka har cikin masana'antar sun gani da idonsu. A baje kolin Hannover na 2019 aka ƙara masa wani sashe da ke taimaka wa kamfani ya zaɓi fannin da zai fara zuba kuɗi a kai, gwargwadon inda kuɗinsa ya fi zurarewa. Nan ne Alhaji ya fara sauraro da kunnen ɗan kasuwa.

Masana'antar da ta ci maki biyu

Daga Hannover muka yi yamma, muka shiga yankin Ostwestfalen-Lippe. Garuruwa ne matsakaita waɗanda ba kasafai ake jin sunansu ba, amma kayansu sun zaga duniya: Wago a Minden, Miele a Gütersloh, Beckhoff a Verl, Claas mai injunan girbi a Harsewinkel, Phoenix Contact a Blomberg. Fiye da kashi 99 cikin 100 na kamfanonin Jamus ƙanana ne da matsakaita, da yawansu kuma na gado ne. Idan ana son sanin inda ƙasar ta kai, wurinsu ake dubawa.

A wajen Bielefeld muka ziyarci wata irin wannan masana'anta mai yanka sassan ƙarfe. Mai ita jikar wanda ya kafa ta ce, ta fito mana sanye da rigar aiki da takalmin kariya. Ba ta yi mana ɓoye-ɓoye ba. Ta ce sun sayi sababbin injuna, sun sayi manhajar lissafin kaya da ciniki mai tsada, suna ganin idan aka zo awo su ne a sama. Da masu awo suka gama aikinsu, sai suka ajiye su a mataki na 2 cikin 6 na wani ma'auni da za mu tarar da bayaninsa a Aachen.

Yadda aka yi awon ne ya fi jan hankalina. Masu awon ba su tambayi kuɗin inji ko shekarar da aka saye shi ba. Oda guda ɗaya suka ɗauka suka bi sawunta, tun daga saƙon mai saye har zuwa lokacin da aka loda kayan a mota, suna ƙirga sau nawa wani ya sake rubuta bayanin da hannu, daga allo zuwa takarda, daga takarda zuwa wani allon. Sannan suka tsaya gaban wani inji suka tambayi shugaban ma'aikata: jiya da rana da injin nan ya tsaya, wa ya fara sani, da ƙarfe nawa ya sani, me kuma aka yi? Aka yi ta kallon juna.

Ta kai mu gaban injuna biyu da ke maƙwabtaka. Ɗaya tsoho ne tun zamanin mahaifinta, fentinsa duk ya koɗe, amma an maƙala masa ƙananan na'urori masu jin girgiza da zafi da yawan wutar da yake sha, suna aika bayani ofis kowane lokaci. Ɗayan sabo ne fil, yana da kwamfutarsa a jiki, sai dai ba a riga an haɗa shi da komai ba. A wurin masu awo, tsohon ya fi sabon ci gaba, domin shi ana ganin halin da yake ciki. Ta ce wahalar haɗa injunan ita ce kowane kamfani da yaren da injinsa ke ji, shi ya sa yanzu ba ta sayen inji sai mai jin OPC UA, ƙa'idar da masu ƙera injuna suka amince da ita don injin wannan ya yi magana da na wancan.

A bangon zauren akwai allo mai nuna lamba ɗaya ga kowane inji. Lambar ta samo asali ne daga Japan, daga aikin Seiichi Nakajima, kuma abubuwa uku ake ninkawa a same ta: kason lokacin da injin ya yi yana aiki cikin lokacin da aka tsara masa, kason gudun da ya yi idan aka gwada da iyakar gudunsa, da kason kayan da suka fito ba aibi. Injin da ya sami 90 da 95 da 99 cikin 100 zai tashi da kusan 85, wanda ake ɗauka a matsayin babban maki. Matar ta ce kafin a maƙala na'urorin, littafin shugaban ma'aikata yana nuna musu lamba mai daɗin ji. Da na'urorin suka fara magana sai lambar ta faɗo ƙasa warwas, ba don wani ya yi ƙarya ba, sai don tsayawar minti biyu ko uku babu mai rubuta ta, alhali idan aka tara ta a wuni awoyi ne. Na ga Injiniya ya saci kallon Alhaji, Alhaji kuma ya mai da idonsa kan allon.

Akwai kuma batun ma'aikata. Dokar Jamus ta 1972 ta ba majalisar ma'aikatan kowace masana'anta ikon sa baki kafin a girka duk wata na'urar da za ta iya sa ido a kan aikin mutum. Sai da suka yi yarjejeniya cewa bayanan na inji ne, ba za a hukunta kowa da su ba, sannan aka fara. Matar ta ce da farko ta ɗauki wannan a matsayin ɓata lokaci, daga baya ta ga ribarsa. Ma'aikacin da ke tsoron za a kama shi da laifi idan ya rubuta matsala, ɓoye ta zai yi, kwamfutar kuma abin da aka ba ta shi take dafawa.

Aachen: matakai shida da jinkiri huɗu

Hanyar Aachen ta ratsa da mu ta yankin Ruhr, ta Dortmund da Bochum da Essen, cibiyar kwal da ƙarfe ta da. Mahaƙar baƙin kwal ta ƙarshe a Jamus, wadda ke Bottrop, an rufe ta a Disambar 2018. A Kolon muka haye kogin Rhine muka canja jirgi a gindin babbar majami'ar garin, kafin la'asar muna Aachen, a kan iyakar Jamus da Beljiyam da Holan.

Aachen tsohon gari ne mai maɓuɓɓugan ruwan zafi, warin farar wuta na tashi daga famfon da ke tsakiyar gari. Nan ne fadar Sarki Charlemagne wanda ya rasu a 814, kuma nan giwar da Halifa Haruna Rashid ya aiko masa daga Bagadaza ta iso a 802, bayan ita kuma a 807 wani agogon ruwa ya biyo baya, wanda ya ba Turawan lokacin mamaki. Mun yi Juma'a a Masallacin Bilal, wanda aka aza harsashinsa a 1964 saboda ɗalibai Musulmi, yana cikin masallatai mafiya daɗewa a ƙasar. Ɗaliban na jami'ar RWTH ne, wadda aka kafa a 1870, kuma ita ce ta kawo mu garin.

A nan aka jagoranci tsara ma'aunin da aka auna masana'antar waccan mata da shi. Cibiyar kimiyya da injiniyanci ta ƙasar Jamus, acatech, ta wallafa shi a 2017 ta sabunta shi a 2020, Farfesa Günther Schuh na cikin jagororin aikin. A sabon matsugunin jami'ar da ke Melaten akwai wata masana'antar gwaji inda ake ƙera kaya na gaske ana kuma bincike a kai. Wani matashin mai bincike ya zaga da mu yana bayani, Injiniya yana mai da wa Alhaji kowane mataki a kan injin narka robarsa na Kano.

Mataki na 1, kwamfuta ta shiga aiki amma kowace zaman kanta take, ta akawu daban ta sito daban. Na 2, an haɗa su, oda tana tafiya daga ofis zuwa inji ba a sake rubuta ta ba. Waɗannan biyu, in ji masu ma'aunin, share fage ne kawai, ba a shiga Industrie 4.0 ba tukuna. Na 3 shi ne gani: kana iya sanin abin da ke faruwa yanzu-yanzu, cewa inji na huɗu yana fitar da bokiti mai huji. Na 4 fahimta: ka san dalili, cewa duk lokacin da zafin injin ya sauka ƙasa da kima ne hujin ke fitowa. Na 5 hange: bayanan suna gaya maka nan da ɗan lokaci abin ɗumama injin zai mutu, ka tanadi wani. Na 6 kuwa, tsarin da kansa yake daidaita al'amura, ya rage gudun wannan inji ya karkatar da aikin zuwa wancan, ba sai an taso manaja daga barci ba.

Daga nan mai binciken ya zana layi ɗaya a allo. A farkonsa ya rubuta lokacin da matsala ta auku, a ƙarshensa lokacin da maganinta ya fara aiki, ya raba tsakanin gida huɗu: jinkirin samun labari, jinkirin gano dalili, jinkirin yanke shawara, da jinkirin aiwatarwa. Ya ce duk matakan nan shida hidimar abu ɗaya suke yi, gajarta wannan layi. A ganina wannan ne zuciyar al'amarin gaba ɗaya. Masana'antar da ke jin labarin ɓarna a ƙarshen wata, lokacin da akawu ya haɗa lissafi, tana baya ko da mutum-mutumi ɗari gare ta. Wadda ke ji cikin minti ɗaya ta gyara cikin awa ɗaya tana gaba ko da injunanta sun girmi masu aiki da su.

Shi ya sa ma'aunin bai tsaya a kan ƙarfe ba. Ɓangarori huɗu yake dubawa: kayan aiki da ƙwarewar mutane, tsarin bayanai, tsarin shugabanci, da ɗabi'ar wurin aiki. Na'ura tana iya kashe jinkirin farko da na biyu, amma na uku a hannun mutane yake. Idan labari ya iso cikin daƙiƙa ɗaya amma babu mai ikon cewa a tsayar da inji sai mai gida, mai gida kuma yana Umara, to an yi ba a yi ba. Da Injiniya ya fassara wannan, Alhaji ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Kai yaro, wannan daga bakinsa ta fito ko daga naka?"

Masu ma'aunin ba su ce kowa sai ya kai mataki na 6 ba. Kowane kamfani zai zaɓi matakin da ribarsa ta cancanci kuɗinsa, ya kuma ɗaga ɓangarorin huɗu tare, kada ɗaya ya yi sama ya bar sauran. A rahoton da acatech ta fitar a 2020 kan kamfanonin da aka auna, mafi yawansu a mataki na 2 suke, ƙalilan ne suka kai na 3. Ashe matar nan ta Bielefeld tana da abokan zama da yawa.

Aachen ta kuma nuna mana iyakar ma'auni. A 2015 Farfesa Schuh ya kafa kamfanin e.GO mai ƙera ƙananan motocin lantarki, aka gina masa masana'anta a garin bisa waɗannan ƙa'idoji. A 2020 kamfanin ya shiga matsin kuɗi har ya nemi kariyar kotu, aka sami masu zuba jari suka tallafe shi, a 2024 ya sake durƙushewa. Ma'auni yana iya gaya maka yadda masana'anta ke ji da gani da saurin motsi. Ba ya gaya maka ko kasuwa za ta sayi abin da kake yi, ko jarinka zai kai ka gaɓa.

Amberg: abin da shekaru suka tara

Zangonmu na ƙarshe yana kudu maso gabas, a jihar Bavariya. Muka sake ratsa Frankfurt, muka wuce Würzburg da gonakin inabinta a jikin tuddai, a Nürnberg muka hau ƙaramin jirgi na kusan awa guda zuwa Amberg. Gari ne mai mutane 40,000 da 'yan kai, da ganuwarsa ta da, kogin Vils ya ratsa tsakiyarsa. A nan Siemens ta buɗe masana'antar kayan lantarki a 1989, inda ake ƙera SIMATIC, na'urorin da ke ba injuna umarni a masana'antun duniya. Irin waɗannan na'urori ne kuma ke tafiyar da masana'antar da ke ƙera su.

Wurin fes yake, babu hayaniya. Kowane allon lantarki yana ɗauke da lambarsa, lambar ce ke gaya wa kowane inji abin da zai yi masa, kuma duk abin da aka yi ana adana shi. Bisa alƙaluman kamfanin, kusan kashi 75 cikin 100 na aikin injuna ne ke yin sa, ana fitar da na'ura ɗaya a kowace daƙiƙa, nau'o'in kayan sun haura 1,000. Aibi kuwa, daga kusan 500 cikin miliyan a farkon buɗewa ya sauko zuwa wajen 12. Lokacin da shugabar gwamnati Angela Merkel ta ziyarci wurin a 2015, abin da ake fitarwa ya ninka na farko sau 8, yawan ma'aikata kuma bai canja sosai ba. Aikin ne ya canja, daga haɗa kaya da hannu zuwa lura da inji da gyaran tsari.

Misali ɗaya ya isa a gane mataki na 5 a aikace. Ana duba haɗin dalmar allunan ne da hoton da ke ratsa ƙarfe, irin wanda ake ɗaukar ƙashi da shi a asibiti, injin ɗaukar hoton kuma shi ne ke tare layi. Maimakon a sayi wani, sai aka koya wa ƙirƙirarriyar basira ta duba bayanan da aka tara tun daga shafa dalmar, ta ware allunan da babu shakka a kansu su wuce, a ɗauki hoton sauran. Ba don an daɗe ana tara bayanai masu tsafta ba, da babu abin da za a koya mata.

A 2021 Majalisar Tattalin Arziki ta Duniya, mai taron Davos, ta sa masana'antar cikin jerin fitattun masana'antun da ta fara tattarawa a 2018 tare da kamfanin McKinsey. Wannan wata hanyar awo ce ta daban, mai duban sakamako: nawa aiki ya ƙaru, nawa lokacin isar da kaya ya ragu, nawa aka rage na wuta da ɓarna. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Abin lura a Amberg shi ne ba a wayi gari aka sayo wannan matsayi ba. Fiye da shekara 30 aka yi ana auna abu ɗaya ana gyara shi.

Abin da muka dawo da shi

A jirgin komawa Frankfurt Injiniya ya jawo hankalinmu ga wani giɓi. Cikin duk ma'aunan da muka gani, babu wanda ya damu da tambayar ko akwai wuta. Ba su da dalilin tambaya, domin a Jamus jimillar ɗauke wutar da mai mita ke fuskanta a shekara ba ta kai minti 15 ba a matsakaicin lissafi. Mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa kuwa, rabin tunaninsa yana kan janareta da farashin man dizal. Idan ya ɗauki tambayoyin Jamus yadda suke, za su auna masa abin da bai dame shi ba su tsallake abin da ke cin jarinsa. Amma layin nan na jinkiri huɗu bai san Jamus ko Kano ba. Man da ke ɓacewa tsakanin tanki da janareta, robar da ke daskarewa a cikin inji duk lokacin da aka ɗauke wuta, oda da ke kwana a aljihun direba, duka ana iya tambaya a kansu: yaushe aka sani, yaushe aka gane dalili, wa ya yanke shawara, yaushe aka gyara?

Alhaji bai sayi injin ba. Ya ce a fara sa wa kowane inji mitar wuta da na'urar ƙirga lokacin tsayawa, a sa wa tankin dizal ma'auni, a kuma ba shugaban kowane zubin aiki ikon tsayar da inji ba sai an kira shi a waya ba. Kuɗin duka bai kama ƙafar kuɗin mutum-mutumin da ya ƙyalla ido a kai a Hannover ba.

Kirana ga Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Najeriya da sassan injiniyanci na jami'o'inmu, irin su Bayero da Ahmadu Bello, shi ne su zauna su tsara ma'auni mai sauƙi wanda ya san matsalar wuta da ta kayan gyara, su horar da matasan da za su riƙa shiga masana'antu suna awon da idonsu. Kai kuma mai masana'anta, kafin ka tura kuɗi waje sayen sabon inji, ka fara amsa tambayar da ta gagari mutanen Bielefeld: jiya da injinka ya tsaya, da ƙarfe nawa ka sani? Idan amsar ita ce sai da safe, to daga nan aikinka zai fara.